Yazawa, goro ko kaɗanya: wanne za ka dasa a gida?

Kafin ka biya kuɗin dashe, duba ganye da kanka, domin ƙananan itatuwa a cikin leda suna ruɗar ido. Ganyen yazawa mai kauri ne, bakinsa a zagaye, sabon tohonsa jaja-jaja. Na goro dogo ne mai tsini a ƙarshe. Na kaɗanya yana taruwa ne a ƙarshen reshe, gefensa a lanƙwashe, kuma idan ka tsinke shi farin ƙaro zai fito.

Ga mai gida a Kano, Zariya ko Maraɗi, yazawa ce zaɓi. Asalinta daga Brazil ne, tana son jigawa, tana kuma jure fari da zarar ta kama ƙasa. Wadda aka shuka daga ƙwallo kan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin ta yi 'ya'ya, kuma ba lallai ta gaji uwarta ba. Mai aure kuwa, wato wadda aka haɗa mata reshen wata yazawa mai kyau a kan karanta, kan fara a shekara 2 zuwa 3. Nemi tabon auren a ƙasan kara. In babu, kada ka biya kuɗin mai aure. Ɗaga ledar ma ka duba gindinta. Idan saiwa ta huda ta ko ta nannaɗe a ciki, bar ta, don irin wannan dashen yakan tsumbure bayan an dasa. Kada a sa yazawa inda ruwa ke kwanciya, saiwarta ruɓewa take yi. A ba ta tazarar kamar mita 9 daga wata bishiyar, a nisanta ta da katanga, a riƙa lura da gara a shekarar farko. A kuma ja wa yara kunne: man da ke cikin ɓawon ƙwallon yana ƙona fata da leɓe.

Goro bishiyar kurmi ce. Yana son ruwan sama mai yawa da inuwa yana ƙarami, hunturun Arewa kuwa busar da shi yake yi. Ko a Kudu yakan kai shekara 7 kafin ya haihu, kuma bishiya guda ita kaɗai sau da yawa ba ta yin 'ya'yan kirki, sai da wata a kusa.

Kaɗanya tamu ce, amma sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta ba da taɓo, ga doguwar saiwa da ba ta son a cire ta. In ta tsiro da kanta a filinka, kewaye ta da ƙaya saboda awaki.