Mai tsofaffin littattafan bakin babbar kasuwar Maradi

Jama'a duk mai son labarin binciken kisan kai irin na da, akwai wani dattijo da ke baza tsofaffin littattafai kan tabarma a gefen babbar kasuwa, yawanci littattafan lekol ne yara ke saye amma in ka ce Baba ina na 'yan sanda sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci. Wallahi ran da na fara leƙa kwalin nan har na manta mai kabu-kabu na jirana.

Masu rawayan bangon nan na Le Masque, jerin littattafan 'yan sanda da ake bugawa a Faransa, sun fi yawa, su Agatha Christie da Faransanci, har da Le Meurtre de Roger Ackroyd wanda asalinsa na Ingilishi ya fito a 1926, ni dai ban taɓa karanta littafin da ya yi min wayo kamarsa ba, kuma ba zalunci ta yi ba, duk alamun tana ajiye maka su a gabanka kai ne idonka bai gani ba, da ka gama sai ka koma baya kana cewa ashe ashe. Abin da nake so da irin wannan rubutu ke nan, marubucin bai isa ya ɓoye maka komai ba, sai dai ya fi ka lura.

Amma nawa na zuciya Maigret ne na Georges Simenon, ɗan Beljiyam, littafi 75 ya yi a kansa. Shi wannan Maigret kwamishinan 'yan sanda ne, ba gudu ba harbi, ya cusa taba a lofe ya zauna ya yi ta sauraron mutane har mai laifi ya gaji ya faɗa da bakinsa, sak yadda mai unguwa ke zaman sulhu. Guda huɗu na samu wurin Baba.

Abin da ya sa na amince da shi, kafin ya karɓi kuɗinka sai ya lashi yatsa ya buɗe ƙarshen littafin ya tabbatar shafin ƙarshe na nan. Na taɓa saye a wani wuri, na kwana biyu ina karatu da tocila ashe an yage shafi uku na ƙarshe, ranar ko abinci ban iya ci ba. Shi kuwa ko gara ce ta ɗan taɓa gefe sai ya nuna maka ya rage kuɗi. Dala ɗari zuwa jaka guda, in ka maido ya musanya maka da ɗan ƙari.

Ƙura kam akwai ta sosai lokacin hunturu, ku tafi da ƙyalle, kuma daga azahar zuwa la'asar ba za ka same shi ba. Na tambaye shi na Moussa Konaté ɗan Mali, mai kwamishina Habib, ya ce ɗana bari a kawo kaya daga Yamai. Asabar zan koma.