Makonni shida a shirin horar da masu kula da namun daji

Na shiga shirin horarwa na makonni shida da wani gidan namun daji yake gudanarwa domin masu son riƙon kula da dabbobi a matsayin sana'a, kuma tun safiyar farko aka miƙa mini shebur da tsintsiya da baro, aka nuna mini garken barewa. Wannan gaskiyar da shirin ya fara da ita ita ce babban abin da nake yaba masa, domin mafi yawan aikin shara ne, da wanke-wanke, da yanka abinci, da rubutu.

Ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita ta daɗe a bakin aiki, kuma ba ta bari a kwashe kashin dabba sai ta durƙusa ta duba shi. Wata safiya ta ga wata barewa ta bar rabin abincinta ta ware gefe guda, nan take ta rubuta a littafin rahoto ta kira likitan dabbobi. Ta bayyana mini cewa dabbar da ake farauta a daji takan ɓoye ciwonta har sai ya ci ƙarfinta, saboda haka wanda yake ganinta kullum ne zai fara lura. Ko da yake ido ba mudu ba ne amma ya san kima, a nan ba a yarda da kimar ido, sai an ɗora abincin kowace dabba a kan sikeli.

Darasin tsaro ma ya gamsar da ni ƙwarai. Ba a buɗe ƙofar kejin zaki sai an ƙirga zakunan an tabbatar suna ɗaya ɓangaren, sannan a ja kowane kwaɗo da hannu bayan an kulle. An kuma yi mana bayani a kan cututtukan da ke tsallakawa tsakanin dabba da mutum, irin su tarin fuka da ciwon haukan kare.

Inda shirin ya gaza shi ne batun takardun shaida, wanda aka dunƙule cikin sa'a ɗaya, alhali shi ne ya kawo yawancinmu. Ya kamata a faɗa mana dalla-dalla cewa manyan gidajen namun daji, musamman a Amurka, sukan nemi digiri a ilimin dabbobi ko ilimin halittu, kuma digirin kaɗai ba ya isa sai an haɗa da gogewa ta aikin sa kai ko zaman koyon aiki. A Birtaniya akwai difloma ta shekara 2 da Kwalejin Sparsholt take bayarwa tare da BIAZA, ƙungiyar gidajen namun daji ta Birtaniya da Ireland, kuma an tsara diflomar ne domin waɗanda suka riga suka kama aikin. Duk wannan da kaina na binciko shi daga baya, kuma abin ya dame ni, domin akwai matasa a cikinmu da suka tafi da zaton takardar halartar da aka ba mu za ta samar musu aiki.

Duk da haka ina ba duk mai sha'awar sana'ar shawarar ya shiga irin wannan shiri kafin ya zaɓi fannin karatu, domin zai gane ko zai jure wa sammako da wari da aikin ranakun hutu. Ni dai na nemi gurbin aikin sa kai a sashen tsuntsaye, kuma an karɓe ni.