Akwatin gilashin da muka yi wa golarmu

Shekara huɗu na yi ina tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon mata ta kwalejinmu a Amurka, kuma duk tsawon lokacin muryar golarmu ce a ƙeyata. Aikin nas take karantawa, tana kuma cikin shirin ROTC da ke horar da ɗalibai su fito hafsoshin soja. Da asuba atisaye, da rana asibiti, da yamma tana cikin raga tana mana tsawa. Da muka gama ta ci jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin nas, ta wuce horo a Fort Sam Houston da ke San Antonio, daga baya aka tura ta asibitin Landstuhl a Jamus, inda a wancan lokacin ake sauke sojojin da suka ji rauni a Iraƙi da Afghanistan kafin a maido su gida. Tana kyaftin ta ajiye kaki.

Mu tara muka yi karo-karo don mu karrama ta ranar 11 ga Nuwamba, ranar tsofaffin sojoji. Muna son akwatin gilashi na ratayewa da zai ɗauki rigarta mai lamba 1, da safar hannunta, da lambobinta na soja. Masu yi wa rigar ƙwallo firam suna da yawa, masu jera lambobin soja ma haka, amma sai da na sha nema a intanet kafin na sami shagon da ya yarda ya haɗa biyun.

A kan safar suka burge ni. Mahaifiyarta ce ta tono mana ita, duk ta yi baƙi, ɗan yatsan hagu har yanzu da filastar da take naɗawa. Na so in wanke, matar shagon ta kira ni a waya ta ce kul. Tafin safar gola roba ce mai laushi, in ta tsufa sai ta dinga marmashewa, wanki kuwa ƙarasa ta zai yi. Ba su sa gam ko kaɗan ba. Da zare suka ɗinke rigar da safar a jikin allon baya, yadda in an so cirewa wata rana za a cire lafiya. Suka kuma ba da shawarar gilashi mai tare hasken da ke koɗar da tufafi. Ya ƙara kuɗin, har muka tashi a dala ɗari uku da 'yan kai, amma ban yi da-na-sani ba.

Sai ga kuskure. Kafin su rufe akwatin sun turo hoto, ni dai na ce ya yi. Mijinta ne, da muka sa shi cikin sirrin, ya ce a dakata. Bajon wuyan rigarta ta soja ɗaya ya ɓace, shagon suka cike da nasu, sai suka sa na likitoci: sandar nan mai fukafukai da macizai biyu, ba komai a kanta. Na nas-nas yana da baƙin harafin N a tsakiya. Wani zai ce harafi ɗaya ne kawai. To, tun 1901 aka kafa rundunar nas-nas ta sojan ƙasa, amma sai 1947 aka ba su cikakken muƙamin hafsoshi na dindindin, don haka ba sa wasa da wannan harafin. Shagon da ke tallar cewa ya san kayan soja bai kamata sai an nuna masa ba.

Ba su yi musu ba, gaskiya, kuma ba su karɓi ko sisi ba. Sai dai gyaran ya ci kwana goma, akwatin ya iso saura kwana biyu taro, hankalina a tashe. Ƙugiyar ratayewar da suka haɗo da ita ma ba ta kai ta ɗauki nauyinsa ba, sai da muka sayi wata. Zan sake yin aiki da su, amma hoton nan sai wanda ya sa kaki ya duba shi.

Da muka yaye mayafin, lambobin ko kallo ba su ishe ta ba. Ta matsa kusa da gilashin, ta ƙura wa filastar ido, sannan ta juyo ta ce min: “Ke ce fa kika taka min yatsan nan.”