Gargaɗi ga mai sayen mota otomatik: ana kashe fitilar giya kafin ka iso

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani algus da ya yi yawa a harkar motocin hannu, 'yan Kwatano ne ko 'yan gida, kuma wanda ya fi shan wahalarsa shi ne mutumin da ya daɗe yana tari don ya sayi motarsa ta farko. Mota ce otomatik mai ciwon giya, irin ciwon da ba kullum yake nunawa ba. Fitilar gargaɗi ta kama yau, gobe ta mutu, jibi ta dawo. Mai motar ya sani, dillali ma ya sani. Maimakon a gyara, ko a faɗa wa mai saye gaskiya a rage masa kuɗi, sai a kashe fitilar da safiyar ranar da zai zo gani.

Haka aka yi wa ƙanena da wata Honda Accord ta 2008. Mota fes, fenti na sheƙi, dillali yana ta rantsuwa wai ta wata Hajiya ce, yara kawai take kaiwa makaranta. Da aka zo gwaji sai aka ce ai mai kaɗan ne a ciki, a zaga layi a dawo. Aka zaga, lafiya lau, ya biya. Ranar da ya hau hanyar Zariya da rana tsaka, harafin D ya fara ƙyaftawa a dashbod, motar ta yi fizga ta maƙale a giya ɗaya. Ya tsaya ya kashe, ya sake tayarwa, sai ta tafi kamar ba ita ba. Ya kira dillali, amsar da ya samu ita ce: "Alhaji, kwantar da hankalinka, sensa ce kawai." Daga baya ma wayar ta daina shiga.

Abin da ya sa wannan cuta take cin kasuwa shi ne yanayin ciwon kansa. Giyabos na otomatik da ƙarfin man giya yake aiki. Da safe man yana da kauri, yana toshe 'yan kafofin da robobin ciki suka cinye, sai giya ta riƙa shiga daidai. Idan mota ta yi tafiya ta ɗau zafi, balle a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, man ya tsinke, ƙarfinsa ya ragu, giya ta fara zamewa. Akwai kuma wani kulochi a cikin tok-kombata, wato abin da ke haɗa injin da giyabos, wanda ba ya kamawa sai mota ta miƙe a babban titi, don haka zagayen unguwa ba zai taɓa tona asirinsa ba. Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ma ba ta kunna fitila da zarar ta ga kuskure. Laifuffuka da yawa sai ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna, kuma idan aka yi tafiya uku ba ta sake gani ba, sai ta kashe fitilar da kanta. Amma ba ta manta ba. Lambar laifin tana nan a ajiye a ƙwaƙwalwarta na tsawon lokaci, sai fa idan wani ya goge. To wannan gogewar ita ce jarin macutan.

Gogewa ba ta ɗaukar minti biyu. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Nan ake jona na'urar bincike. A danna maɓalli ɗaya, fitila ta mutu. Wanda ba shi da na'ura sai ya cire kan batir na ɗan lokaci, a motoci da yawa hakan ma yana yi. Shi ya sa idan ka shiga mota ka ga agogon dashbod ya rikice, tashoshin rediyo duk sun goge, ka tambayi dalilin da aka cire batir. Wataƙila batirin ne ya mutu da gaske don mota ta daɗe a ajiye, amma ka tambaya.

Masu ƙarfin hali kuma dashbod ɗin suke buɗewa. Wani ya zare ƙwan fitilar, wani ya manna baƙin salatif a bayan gilashi. Maganin wannan mai sauƙi ne: murɗa makulli har fitilu su kama, kar ka tayar da injin. Dole ka ga fitilar cek injin ta kama tare da sauran. Idan ba ta fito ba, an taɓa ta. Sai dai akwai rewayan da ya fi haka wayo, wanda zai haɗa wayar fitilar da ta baƙin mai ko ta batir, ta yadda za ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan injin ya tashi, daidai yadda mai lafiya take yi. Ido ba zai gano wannan ba. Na'ura ce kaɗai za ta nuna maka cewa kwamfuta ta ba da umarnin a kunna fitila alhali dashbod yana duhu. Duk motar da ka kama da wannan, ka bar ta ko da a rabin kuɗi ne, domin wanda ya yi wannan aikin ba fitila ɗaya ya ɓoye ba.

Kuma ku lura, ba kowace mota ce take da fitila mai hoton giya ba. Honda harafin D ko D4 take ƙyaftawa. Tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF suke ƙyaftawa. Fijo 406 da 307 masu giyabos AL4 fitilun S da na alamar ƙanƙara ne suke walƙiya tare, motar ta yi wani bugu ta tsaya a giya ta uku. Wasu kuma cek injin ɗin ce kawai take kamawa, mutum ya ɗauka fulogi ne.

Don haka kar ka je ganin mota otomatik sai da mai na'urarka, wanda kai ka ɗauko kuma kai za ka biya. Ba wanda dillali ya kira maka ba, ko da ya ce amininsa ne. A nan nake so a tsaya sosai, domin mutane da yawa suna zuwa da na'urar amma ana cutarsu a gabanta. An jona, allo ya ce babu lambar laifi, kowa ya ce alhamdulillahi. Wannan bai isa ba. Motar da aka goge wa laifi yau da safe ita ma haka za ta nuna. Ka ce a buɗe maka shafin gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta, wanda na'urori ke rubutawa I/M Readiness. Idan an goge lambobi, waɗannan gwaje-gwajen suna komawa farko, sai mota ta yi tafiya mai ɗan tsawo kafin su cika. Motar da aka ce kullum ana hawa, amma gwaje-gwajenta da yawa ba su kammala ba, an yi mata wanka ne kwanan nan. Yawancin motocin da ba su tsufa sosai ba ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe, da sau nawa injin ya ɗumama tun lokacin. A motar ƙanena wannan lissafin ne ya nuna an goge dab da ranar ciniki. Yawancin motocin Amurka daga 2010 kuma suna da wani rukunin lambobi na dindindin, waɗanda na'ura ba ta iya gogewa, cire batir ma ba ya taɓa su, sai kwamfutar da kanta ta tabbatar an gyara. A duba su.

Wani abin kuma, ƙaramar na'ura mai arha sau da yawa injin kawai take karantawa. Za ta ba ka P0700, wadda ba ta faɗi komai ba illa cewa kwamfutar giya tana da ƙorafi. Ainihin laifin yana can ciki, sai na'urar da ke shiga ɓangaren giya. P0715 da P0720 na sensar gudu ne, ta shiga da ta fita. P0750 da maƙwabtanta na solenoyid ɗin canjin giya ne, wato bawul mai aiki da lantarki da ke buɗe wa mai hanya. P0741 kulochin tok-kombata ne ba ya riƙewa. P0730 kuwa tana nufin gudun da ke shiga da wanda ke fita ba su dace da giyar da aka sa ba, kuma sau da yawa zamewa ce ta cikin giyabos. Wannan ta ƙarshe ita ce nake tsoro.

Gaskiya ne, wani lokacin sensa ce. Wani lokacin ma soket ne ya yi tsatsa, ko waya ta goge a jikin ƙarfe, ko batir da altaneta ba sa ba da wuta daidai. Waɗannan gyaransu ba tsada. Amma idan da gaske sensa ce kawai, me ya hana mai motar canzawa kafin ya kawo ta kasuwa? Ka ce masa ya gyara, ku sake gwadawa. A nan za ka gane wa kake ciniki da shi.

Gwajin tuƙi kuma ka saya mai da kuɗinka, asarar lita kaɗan ce. Ka zo da sassafe motar tana sanyi, ka taka birki ka sa D, ka sa R, ka ji ko tana jinkiri kafin ta kama ko tana bugawa. Sannan ku hau babban titi a yi aƙalla rabin awa, a shiga cunkoso da na'urar sanyi a kunne, a sake miƙewa. Idanunka su kasance a kan allurar juyin injin: idan ta haura sama mota ba ta ƙara gudu ba, giya ce ke zamewa. Da kun dawo, kafin a kashe injin, a sake jona na'ura a duba lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda ba su kai ga kunna fitila ba tukuna. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwajin, ko ya ce sai ka ba da kafin alƙalami, ya riga ya ba ka amsa.

Idan motar tana da sandar awon man giya, zaro ka goga a farar takarda. Ja ko ruwan ƙasa mai haske babu laifi. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, ko mai ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe, giyabos ne ke cin kansa. Idan ya yi kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Sabon mai ja-wur a tsohuwar mota shi ma abin tambaya ne, domin wasu na canza mai ko su zuba maganin ƙara kauri don ciwon ya lafa na 'yan makonni. Ka tambayi wane mai aka zuba. Honda tana son DW-1, Toyota T-IV ko WS gwargwadon shekara, masu nau'in giyabos ɗin da ake kira CVT kuma nasu daban ne gaba ɗaya, man da ba nasu ba yana kashe su.

'Yar Kwatano ko ta Legas da aka ce daga Amurka take, kwafi lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka sa a Google. Sau da yawa hotunan gwanjon Copart ko IAA za su fito, ka ga ko motar ambaliya ce. Ruwa idan ya shiga soket-soket, irin wannan fitila mai zuwa da tafiya yake haifarwa.

Ga 'yan uwana dillalai, ku ji tsoron Allah. Hadisin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa sananne ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. La'adar mota ɗaya ba ta kai wannan ba. A fiƙihu ma mai saye yana da haƙƙin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu.

Wanda kuma ya riga ya saya fitilar ta fara yi masa wasa, kar ya bari kowa ya goge lambobin. A ɗauki hoton allon na'urar, har da shafin da ke nuna yanayin motar a lokacin da laifin ya faru, domin shi ne hujjarka a gaban shugabannin kasuwar, ko kotu, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Kuma kar ka yarda da makaniken da zai ce a sauke giyabos a sa na Beljiyam tun bai duba mai, soket da wutar batir ba. Idan ciniki bai riga ya faɗa ba, a rubuta a takardar yarjejeniya, gaban shaidu biyu, cewa in fitilar giya ta kama cikin kwanakin da kuka amince a kai, mota za ta koma, kuɗi su dawo.