Kafin ka sayi RAM a Ikeja: wanda zai shiga tsohuwar kwamfutarka da wanda zai ƙi

Laftof da yawa da ke hannun 'yan kasuwa da ɗalibai a Agege da Idi-Araba tokunbo ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, kuma galibi da RAM 4GB suke zuwa. Da zarar kwamfuta ta fara nauyi sai a ce a ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kan yi a ciki. Shawarar ba laifi, amma yawan GB shi ne abu na ƙarshe da za ka tambaya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko ta Alaba. Abin da ke raba RAM mai aiki da wanda zai bar maka baƙin sikirin yana rubuce a 'yar farar takardar da ke manne a jikinsa.

Kwance murfin ƙasa ka karanta na ciki tukuna. Za ka ga rubutu irin wannan: 4GB 2Rx8 PC3-10600S. PC2 na nufin DDR2, PC3 DDR3, PC4 kuma DDR4, kuma ba sa shiga gurbin juna domin giɓin da ke tsakanin haƙoransu ba wuri ɗaya yake ba. Na laftof haƙora 200 ne a DDR2, 204 a DDR3, 260 a DDR4. A kwamfutar tebur an fi ruɗewa, don DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 ne. Idan bai zauna cikin sauƙi ba, kada ka danna da ƙarfi, gurbin za ka karya. A rubutu irin na PC3 ɗin nan, harafin ƙarshe ma magana ne: S na laftof, U na tebur, R kuma na manyan kwamfutocin saba (server). Na R yakan zo da arha da GB mai yawa, yana kuma shiga gurbin kwamfutar tebur daidai, amma ba za ta tashi da shi ba.

Sai batun harafin L. PC3 yana aiki da volt 1.5, PC3L kuma 1.35. Laftof masu furosesa Core i zubi na huɗu da na biyar, kamar EliteBook 840 G1 da G2, Latitude E7440 da ThinkPad T440, PC3L suke buƙata. Ka sa musu PC3 zalla, ko su ƙi tashi ko su riƙa mutuwa ana tsakar aiki. Shi PC3L yawanci yana aiki a tsofaffin masu 1.5, saboda haka idan farashi ɗaya ne, shi ya fi. Zubin furosesa kuwa a lambarsa ake gani: i5-4300U na huɗu ne, i5-3320M na uku, i5-520M mai lamba uku na farko.

Wurin da aka fi asarar kuɗin mota shi ne 1Rx8 da 2Rx8. Masu Core 2 Duo da ke ɗaukar DDR3, da Core i zubin farko irin ThinkPad T410 da Latitude E6410, ba su san manyan ƙwayoyin da aka ƙera daga baya ba. RAM 4GB da zai yi musu shi ne 2Rx8, mai baƙaƙen ƙwayoyi 16, takwas a kowace fuska. Mai 1Rx8, ƙwayoyi takwas kacal, sau da yawa ko dai kwamfutar ba ta tashi ko ta tashi tana yanke aiki. Kuma iyakarsu 8GB ne, wato 4GB biyu. Guda ɗaya mai 8GB ba zai yi ba komai kyansa. Daga zubi na biyu zuwa sama, kamar EliteBook 8470p, ana iya kai wa 16GB da 8GB biyu.

To, tokunbo ko sabo? A DDR3 da DDR2, wanda aka ciro daga wata kwamfuta mai sunan Samsung ko SK Hynix ko Micron ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, domin RAM ba ya cika lalacewa da tsufa. Sabo mai sheƙi a kwali mai suna baƙo yakan zama tsofaffin ƙwayoyi ne aka sake haɗawa. Akwai ma na tebur da ake rubuta wa AMD only, wanda ba ya aiki a bod, wato babban allon cikin kwamfuta, na Intel. Sitika kuwa kowa na iya bugawa, don haka a buɗe manhajar CPU-Z, a shiga SPD, a ga ko abin da RAM ɗin ya faɗa game da kansa ya yi daidai da takardar.

Ƙara ɗaya a kan na ciki ya fi arha, kuma yawanci yana tafiya. Idan gudunsu ya bambanta, a ce 10600 da 12800, duka biyun za su koma gudun na ƙasa, bambancin da ba za ka ji ba wajen Word da intanet. Sayen tagwaye iri ɗaya ya fi kwanciyar hankali, kuma wasu masu shago kan karɓi tsohon su rage maka kuɗi. A duba gurbi nawa ne tun farko: ThinkPad T440s na da 4GB a manne da bod da gurbi ɗaya tak, MacBook Air kuwa babu gurbi sam.

Wajen sawa, cire caja da batir, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15, ka taɓa ƙarfe da hannu. Zura RAM a karkace har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka kwantar da shi sai maƙalan gefe biyu sun yi ƙas. Idan fanka na juyawa sikirin baƙi, fara da zargin rashin zama daidai. Danshin Legas na sa haƙoran su dusashe. Goge su da magogin fensir mai tsabta, ka hure gurbin, ka mayar. Tsofaffin HP kan ƙifta fitilar Caps Lock sau uku idan matsalar RAM ce, Dell da yawa kuma ƙara biyu suke yi idan ba su ga RAM ba. Daga nan a gwada sabon shi kaɗai a gurbi na farko, sannan na biyu, sannan tsohon shi kaɗai. Da haka ake gane ko RAM ne, ko gurbi ne ya mutu, ko kuwa su biyun ne ba sa jituwa.

Idan ta tashi amma Windows ta nuna kusan 3GB kawai ake amfani da shi, ba mai shago ne ya cuce ka ba, Windows ɗin mai 32-bit ce, sai an sake ɗora mai 64-bit. Idan mai 64 ce, a shiga msconfig, sashen Boot, Advanced options, a cire alamar da ke kan Maximum memory. Idan kuwa shuɗin sikirin ya fara fitowa bayan ƙarin, a gwada da MemTest86, manhajar gwajin RAM, daga filas. Kuskure ko ɗaya ya isa a mayar da kaya.

Shi ya sa ɗaukar laftof ɗin zuwa kasuwa ya fi zuwa da hoton sitika a waya. A sa a gabanka, a kunna, a ga adadin a BIOS, wato shafin saiti na kafin Windows ta buɗe, da kuma a Windows, a kuma rubuta kwanakin canji a rasit da lambar shago. Mai tare ka a bakin titin Otigba na Computer Village ba lallai yana da shagon da za ka koma ba.

Kafin duk wannan, buɗe Task Manager lokacin da kwamfutar ke nauyi. Idan Memory ya haura kashi 85, RAM take nema. Idan yana wajen rabi amma Disk ya tsaya a 100, kuɗin ya tafi ga SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, mai inci 2.5, domin 16GB ma ba zai hana tsohon hard disk jan ƙafa ba. Mai DDR2 kuwa, da yawansu 4GB ne iyakarsu, gara SSD ɗin, wanda za ka iya cirewa ka sa a wata laftof ranar da ka canza.