Kwalin gwajin abinci na intanet ba ya gano alajin alkama a jikin yaro

Kwalin da ake talla a intanet yana da sauƙin amfani. A soki yatsan yaro, a ɗiga jini a kati, a aika ɗakin gwajin kamfanin. Bayan kwanaki sai a turo dogon jerin abinci, wasu da ja, wasu da kore. Takardar ta ƙayatar da ido, amma yabon ya tsaya nan.

Abin da yawancin kwalayen nan ke aunawa shi ne garkuwar IgG, wadda jiki ke samarwa ga duk abincin da ya saba ci. Yaron da ke cin burodi kullum lafiya lau, alkamarsa za ta iya fitowa da ja. Alajin alkama na gaske garkuwar IgE ce ke haddasa shi, kuma yana bayyana cikin mintuna zuwa awa 2 bayan ci: borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, tari, numfashi da ƙyar. Kwalin bai taɓa wannan ba. Iyaye kan hana yaro alkama, madara da ƙwai gaba ɗaya, ya rame a banza.

Kuɗin ya fi amfani a wurin likitan alaji. Zai fara da tambaya: me aka ci, nawa, bayan minti nawa aka ga canji. Sai gwajin fata: ɗigon ruwan alkama a hannu ko baya, a ɗan tsikara, a jira minti 15. Kumburin da ya zarce na ɗigon ruwan gishirin da ake sawa don kwatance da milimita 3 ana lissafa shi a matsayin alamar alaji. Dole a dakatar da maganin ƙaiƙayi irin cetirizine kwanaki kafin ranar, in ba haka ba fata za ta yi shiru. Shi ma gwajin nan, da na IgE a jini, suna da nasu rauni: yaron da ƙurar furen ciyawa ke damu yakan nuna alkama alhali yana cinta ba matsala. Shi ya sa hukuncin ƙarshe yana ga ciyar da yaro alkama kaɗan-kaɗan a asibiti, ana ƙara yawa, likita na tsaye. Ba a gwada wannan a gida.

Idan ya tabbata, a guji alkama, a karanta bayan kowane kwalin abinci. Wanda ya taɓa shaƙewa a riƙe masa allurar adirenalin ta cinya, yawanci miligiram 0.15 ga ƙaramin yaro, a kuma garzaya asibiti ko da ya warware. A riƙa maimaita gwaji, domin yara da yawa alajin kan bar su kafin su balaga.

Kwalin yana kuma ɓata binciken cutar siliyak, wadda cin alkama ke lalata hanjin mai ita. Gwajin jininta na tTG yana buƙatar yaro ya kasance yana cin alkama. Idan jan layi ya sa an riga an cire ta, sakamako zai iya fitowa fes alhali cutar na nan.