Injin Yamaha Enduro biyu a bayan ƙaramin jirgi: mai doki 40 ko mai doki 60?

Duk wanda yake son ɗaura inji biyu a bayan ƙaramin jirgin ruwa, musamman a tafkin Kainji inda iska kan taso ba zato, ya kamata ya fara duba nauyi kafin ya duba gudu. Enduro mai ƙarfin doki 40 silinda biyu gare shi, nauyinsa kuwa ya ɗan haura kilo 70, yayin da mai doki 60 yake da silinda uku kuma yana kusan kilo 100. Idan aka ɗaura biyu, bambancin ya kai nauyin buhun siminti guda da yake danne bayan jirgin dare da rana, har a ga ruwa yana lasar bakin allon da aka ɗaure injinan a jiki.

Ban raina mai doki 60 ba, domin idan an cika jirgi da fasinja da buhunan hatsi yana ɗaga shi ba tare da nishi ba, kuma idan ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗayan zai kai mutane gaɓa da ƙarfinsa. Sai dai yana shan fetur da baƙin mai sosai, abin da direba yake ji a aljihunsa kullum.

Ni dai na fi gamsuwa da mai doki 40, saboda makanikai sun san cikinsa, fulogi da farfelarsa ba su da wuyar samu, kuma mutum biyu za su iya sauke shi a gyara.